Na Kai Wayar Inna Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin kasuwar Gwarzo ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce da gaske ne buredinsu ya kai tsawon sanda, wani kuma abin da ya dame shi wai mutum da hankalinsa ya tsallaka ƙasa saboda wayar da ko an kai ta kasuwa ba mai tayawa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Wayar ta Innarmu ce. Tana zaune a Gammo ta ƙasar Kabo, a gidan da aka haife mu. Mu biyu ne maza, ni Magaji da ƙanena Mudassir. Ni ina koyarwa a firamare a nan Gwarzo, shi kuwa tun tasowarsa hannunsa na cikin rediyo da waya, har ya zama mai gyara. Shekarun baya wani ubangidansa ya ja shi Maraɗi ya ba shi shago, ya yi aure a can, ya zauna. Kafin ya tafi ya saya wa Inna waya irin ta shafawa, ya yi mata abin da masu gyara ke kira rut, wato ya buɗe cikinta don ta riƙa yin abin da kamfani bai bar ta ta yi ba. Abin da yake so shi ne duk kiran da Inna ta amsa wayar ta naɗi muryar ta ajiye, don in ya kira daga can ta riƙa maimaita ji. Ya nuna mata inda za ta taɓa. Inna ba ta yi boko ba, amma wannan wurin ta riƙe shi.

Ba muryar Mudassir kaɗai wayar ta naɗa ba. Babanmu tela ne, shagonsa na nan Gwarzo, yakan kwana biyu a wurina kafin ya leƙa gida, kuma kullum bayan la'asar sai ya kira Inna. Ba wata doguwar magana ba ce: an ba awaki dusa, ruwa ya sauka a can, ƙafarta ta yi sauƙi. Da Allah ya karɓi ransa iyakar Nijar na rufe, Mudassir bai samu jana'iza ba, ta waya ya yi kukansa. Bayan Inna ta fita takaba matan gidan suka lura in an yi la'asar takan ja tabarma bayan rumbu ta kara wayar a kunne. Ba wanda ya taɓa yi mata maganar.

Bana da kaka wani saƙo ya matsa wa wayar, kullum sai ya fito ya tare mata wurin da take taɓawa. Saƙon kamfani ne na sabunta waya, abin da samari ke ce wa afdet. Inna ta danna don ya tafi. Wayar ta mutu, ta kawo tambarin kamfani, ta sake mutuwa, ta sake kawowa, ba ta wuce nan ba. Da na je ranar Juma'a ta miƙo min ita ta ce in duba, wataƙila caji ne. Na ga idonta, na san ta san ba caji ba ne.

Na kai wa Sabi'u, mai gyara a bakin tashar Gwarzo. Ya ce zai iya yi mata filashin ta tashi garau, amma duk abin da ke ciki ya tafi. Da na faɗa masa abin da ke ciki sai ya ajiye ta a hankali. Ya yi min bayani cewa akwai wani ƙaramin fayil da ke tayar da waya, mai yin rut yakan cire na kamfani ya sa wanda ya taɓa. Afdet ɗin ya zo ya tarar ba nasu ba ne, aikin ya tsaya a tsakiya. In an mayar da na asali, wanda ya dace da ita daidai, za ta iya tashi ba a goge komai ba. Ya nema a intanet bai samu na irin wannan wayar ba. Ya ce in tambayi wanda ya yi rut ɗin, mai hankali yakan ajiye na asali.

Na kira Mudassir, ya ce ya ajiye, yana cikin tsohuwar kwamfutarsa. Na ce to ya turo wa Sabi'u mana. Ya ce kuskuren dannawa ɗaya ya isa ya share komai, in kuwa hakan za ta faru gara ta faru a hannunsa, ba ya so ya ƙullaci kowa. Matarsa ta haihu ba ta yi arba'in ba, ba zai iya barinta ba.

"Yaya, ka kawo min ita da kanka," ya ce.

Na ji a muryarsa ba wayar kaɗai yake so a kawo masa ba.

Da aka ba mu hutu na je Gammo yin sallama. Inna ta naɗe wayar a ɗankwalinta, ta sa a leda, ta ɗaure. Ta haɗa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, da yajin jego na matar Mudassir, ƙullin ya fi jakata girma. Ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba ba. Ba ta ce in tabbata an gyara ba. Cewa ta yi in ba ta gyaru ba kada in bar ta a can, in dawo mata da ita haka nan.

Ɗan acaɓa ya kawo ni Kabo, na shiga mota zuwa Gwarzo, washegari da sassafe na kama ta Dayi. A Dayi muka daɗe muna jiran motar Katsina ta cika. Da ta cika kuwa ta cika, mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhunan barkono a but. Ba mu yi nisa ba rana ta bugi ƙullin Inna da ke kan cinyata, daddawa ta fara sanar da kanta. Wani matashi mai ƙamshin turare da ke gefena ya toshe hanci ya ce wa direba a mayar da kayan nan baya. Kafin in buɗe baki wata dattijuwa da ke ɗaya gefen ta ce masa ai da wannan warin aka yi miyar da ta raine shi, ya bar bawan Allah da kayansa. Motar ta kwashe da dariya, har shi. Sunanta Hajiya Rabi, Bamaraɗiya ce, tana sarin atamfa tana kaiwa gida. Kafin mu kai Gidan Mutum Ɗaya ta san sunana da na Inna da abin da zai kai ni garinsu. Ta ce ita mijinta ko hoto bai bari ba.

Bayan Kankiya taya ta fashe, ta safaya kuma ba iska. Direba ya hau babur da ita ya koma gari, mu muka zauna a gindin wata bishiya muna shan rake. Saboda haka sai bayan la'asar muka shiga Katsina, direbobin Jibiya kuwa suka ce ba mai kama hanyar nan da yamma, kowa ya san dalili. Dole na kwana.

Na tuna da Alhaji Sule, abokin Baba da suka koyi ɗinki tare a Kano suna samari, yanzu yana sayar da zare da maɓallai a Katsina. Na kira shi, ya ce in ban zo gidansa ba bai yafe ba. Aka shimfiɗa min a ɗakin zaure, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu, aka biyo da fura mai sanyi. Muna ci yana ba ni labarin yadda Baba ya taɓa ɗinka wa wani ɗan sanda wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya rantse ƙafar mutumin ce ba daidai ba. Ban taɓa jin labarin ba. Da na nuna masa ƙullin wayar na faɗa masa abin da ke ciki, sai ya ajiye ludayi. Ya ce fuskar abokinsa tana nan a idonsa, amma muryar ta ɓace masa, yakan so ya tuno yadda yake kiran sunansa ya kasa. Ya roƙe ni in Allah ya sa an dace in biyo ta nan.

Da safe a tashar Jibiya na sake haɗuwa da Hajiya Rabi tana faɗa da ɗan kamasho kan dilolinta. Ta ce ai tare za mu tsallaka, ta sa aka ba ni kujera kusa da ita. Shingayen hanyar ban iya ƙirga su ba, a tsaya, a leƙo, a wuce. A Magama muka sauka aka duba takardu. Da muka tsallaka ɓangaren Nijar wani jandarma dogo, baƙi siriri, ya ce kowa ya buɗe kayansa. Ya shinshina yajin Inna ya yi atishawa. Sannan ya ga ƙullin ɗankwali, ya kwance, ya ce in kunna salular nan, haka suke ce wa waya. Na kunna, ta kawo tambari, ta mutu. Ya dube ni ya ce mi ya sa mutum zai ɓoye matacciyar salula cikin ɗankwalin mace, ta wa ce, ina takardar sayenta. Na fara bayani ina haɗa rut da fayil, ina ƙara rikita kaina. Hajiya Rabi ta matso ta ce masa da irin Hausarsu: muryar ubansa ce a ciki, ya rasu, uwar ce ta aiko shi wurin ɗanta mai gyara. Jandarman ya mayar da wayar cikin ɗankwalin, ya naɗe da kansa, ya miƙo min.

"Allah shi jiƙan tsoho," ya ce. "Ku tahi."

Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi ba nisa. Hausa ce dai ake yi, amma sai ka kasa kunne, mi da shina da hwaɗi, ga Faransanci tsamo-tsamo a ciki kamar yadda mu ma muke cusa Turanci. Acaɓa kabu-kabu ne, makaranta lakwal. Da na ce wa mai kabu-kabun da ya ɗauke ni ni malamin makaranta ne, sai ya fara ce min Mushe. Na ce masa lafiyata lau, da raina. Ya yi dariya har babur na karkacewa, ya ce a nan girmamawa ce, haka ake kiran malamin lakwal. Har na baro garin ban saba ba.

Mun isa shagon da rana tsaka na tarar da shi a rufe, layin duk a rufe. Na ɗauka wani abu ya faru. Ashe al'adarsu ce, in rana ta take kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai ta yi sanyi a dawo. Mu da ko zazzaɓi ba ya sa mu rufe shago ranar kasuwa. Ina tsaye da ƙulli a hannu sai ga wani mai gemu ya taho da sauri a ƙafa, har ya zo kusa ban gane shi ba. Mudassir ya yi jiki, ya tara gemu, tafiyarsa ce kawai ba ta sake ba, irin ta Baba, kafaɗa ɗaya a sama. Ya durƙusa zai gaishe ni a bakin titi, na ɗago shi. Mun daɗe ba wanda ya iya wuce lafiya lau.

Gidansa ɗaki biyu ne a wani gidan haya. Matarsa Ramatu ta gaishe ni daga bakin ƙofa, ta miƙo min jaririn. An sa masa sunan Baba, suna kiransa Abba. Da ta kwance ƙullin Inna ta ga yajin jego sai ta sa gefen mayafi ta share ido, ita da surukarta ba su taɓa haɗuwa ba sai a waya. Aka kawo shinkafa da miya, da buredin nan nasu dogo mai ɓawo, in ka gatsa sai ya kankare maka dasashi. Bayan nan Mudassir ya hura gawayi ya dafa shayi a 'yar buta, a ɗan kofin da bai fi kurɓa biyu ba. Na shanye na ɗauka an gama, ashe sai an yi zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe kamar zuma, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. A tsakanin kofunan ya tambaye ni kowa na Gammo gida-gida. Ya tambayi wanda ya yi wa Baba wanka, da wanda ya ja salla, da inda aka sa shi. Na ce kusa da kakanmu, ta gabas da tsamiya. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da fifita gawayi.

Washegari muka buɗe shago da wuri. Ya jawo tsohuwar kwamfutar daga ƙasan teburi, ya hure ƙura, ya kunna. Batirinta ya mutu tuni, sai da wuta take aiki. Yana cikin neman fayil ɗin aka ɗauke wutar, kwamfutar ta mutu nan take. Ya dafe kai ya ce da a tsakiyar aiki ne fa. Bai yarda ya sake gwadawa da wutar gari ba, ya je wurin maƙwabcinsa mai sayar da magani wanda ke da sola, suka jawo waya ta taga.

Sai kuma wata ta taso. Fayil biyu ya tarar, sunansu kusan ɗaya, ya manta wanne ne na Inna, ɗayan na wata waya ce mai kama da ita. Ya danne maɓallin kunnawa da na ƙara, wayar ta kawo wani baƙin allo mai ƙananan rubutu, ya karanta wata doguwar lamba a jiki, ya gwada da ta fayilolin harafi-harafi, ya sa ni ma na karanta masa da ƙarfi. Ɗaya ya dace. Ya haɗa kebul, ya rubuta layi ɗaya a kwamfutar, ya tsaya da yatsa a sama. Ya yi bisimilla ya danna.

Aikin bai kai a sha ruwa ba. Wayar ta mutu, ta kawo tambari. Tambarin ya daɗe har na kawar da kai ina kallon titi. Sai na ji ƙarar nan da take yi in ta tashi, ga hoton awakin Inna a fuskarta.

Bai saurari komai ba sai da ya kwafe duk muryoyin a mimori biyu da kwamfutarsa. Sannan ya taɓa ɗaya, ba zaɓe. Muryar Baba ta cika shagon, da ƙarar keken ɗinki a bayanta. Yana tambayar Inna ko an gyara dangar da iska ta kayar. Can ya ce, "Yaron nan na Maraɗi ya kira kuwa?" Inna ta ce jiya ya kira. Baba ya ce to madalla, in ya sake kira ta ce masa hular da ya ce yana so an gama, tana nan ajiye sai ya zo.

Mudassir ya tashi ya fita ta ƙofar baya. Wani ya zo karɓar wayarsa na ce ya dawo an jima.

Da ya dawo, idonsa jawur, ya ce yanzu tunda fayil ɗin kamfani ya koma wurinsa afdet zai shiga lafiya, amma rut ya tafi, wayar ba za ta ƙara naɗar kira ba. Zai iya sake yi, sai dai duk ranar da saƙon ya dawo Inna ta danna, an koma gidan jiya. Ya tambaye ni. Na ce abin da ke ciki ya fi abin da za a ƙara. Ya sa ta sabunta kanta, muka zauna muna kallon layin yana cika a hankali har ta tashi. Ya ja min kunne kada in bar wani mai gyara ya ce zai kulle ƙofar da ya buɗe a cikinta, kullewar goge komai take yi. Sannan ya ɗauki hoton Abba da ita, ya sa shi a fuskar wayar a madadin awaki.

Na ƙara kwana biyu. Ranar tafiya ya raka ni tasha da kilishi da turmin atamfa na Inna, ya tsaya jikin tagar motar yana ta maimaita saƙon gaisuwa, har direba ya ja yana biye da mu 'yan taku. Ya ce in Abba ya yi ƙwari za su zo gaba ɗaya. Na ce Allah ya kawo ku. Ban tambaye shi yaushe ba.

Na biya ta Katsina kamar yadda na yi alkawari. Alhaji Sule ya kara wayar a kunne ya rufe ido, ya saurari Baba yana cinikin dusa da Inna. Da ta ƙare ya ce shi ne, wallahi shi ne, ya ce in sake sa masa.

Na isa Gammo ana kiran la'asar. Na yi salla a masallacin ƙofar gida na shiga. Inna ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, ta tambayi mai jego, ta tambaya ko Mudassir ya rame. Na miƙa mata ɗankwalin. Ta kwance, ta ga jaririn a fuskar wayar, ta daɗe tana kallo tana shafa gilashin da babban yatsa. Na ce mata komai na nan. Na tashi zan ba ta wuri ta ce in zauna.

Ta taɓa wurin da ta sani. Ba ta kara a kunne ba, ta bar ta a tafin hannunta. Baba ya yi sallama, ya tambayi ruwa, muryar Inna a cikin wayar ta ce an yi na dare har gona ta jiƙa. Ya ce wa yake ji kusa da ita. Muryarta ta ce babban ne, ya zo duba gero. Baba ya ce, "Ba shi mu gaisa."

Inna ta miƙo min wayar.

Na karɓa da hannu biyu na kai kunne. Ya ce, "Malam Magaji, an wuni lafiya? Ya gajiya?"

Na ce lafiya lau, Baba.